Jiran Iska a Bakin Tarifa

Kwana uku ke nan iskar gabas tana kaɗawa a Tarifa ba ta numfasa ba. Mutanen garin suna kiranta Lebante, kuma sun daɗe da sanin halinta: in ta taso sai ta riƙa buga ƙofofi, ta cika ido da yashi, ta ɗora wa Dutsen Musa da ke tsallaken ruwa a ƙasar Maroko wani farin rawani na gajimare. A kan wani tudu da ke bayan gari, gefen titin da ya nufi Aljesiras, mutane wajen talatin sun fake a jikin katanga, kowa ya zuge rigar sanyinsa har wuya, kowa da madubin hangen nesa rataye a ƙirji. Sunan wurin Cazalla. Makon farko ne na watan Satumba, lokacin da ya kamata a ce sama ta yi baƙi da tsuntsaye, amma in ban da wasu shirwa ƙalilan da iska ke wasa da su kamar tsumma, ba abin da ke wucewa.

A cikin masu jiran akwai wani matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai, shi kaɗai ne baƙin mutum a wurin, shi kaɗai ne kuma ya zo hannu rabbana, ba madubi ba littafi. Daga birnin Ƙurɗuba ya taso, garin da ɗalibin tafsiri ya san sunansa ko da bai san inda yake a taswira ba, inda yake karatun digiri na biyu a kan noman rani da sarrafa ruwa. Asalinsa ɗan wani ƙauye ne a fadamar Hadeja da Nguru. Da wani abokin karatunsa ya fara ba shi labarin cewa akwai mutanen da ke ɗaukar hutu, su biya kuɗin mota da na masauki don kawai su kalli tsuntsaye, dariya ya yi har da riƙe ciki. A garinsu kallon tsuntsu aikin yara ne, kuma aiki ne na wahala: a tashe ka da asuba, a ɗora ka a kan rumfa a tsakiyar gonar shinkafa, a ba ka gwangwani da igiya, ka yini kana ihu kana korar jan-baki har muryarka ta dishe. Wanda ya yi wannan shekara biyar ba ya ganin tsuntsu a matsayin abin sha'awa. Amma hutun zangon karatu bai ƙare ba, ɗakinsa ya yi masa zafi, kuma an ce masa daga Tarifa ana hango Afirka da ido. Wannan na ƙarshen ne ya sa shi hawa mota.

An kuwa gaya masa gaskiya. Tarifa ita ce ƙarshen ƙasar Turai ta kudu, kuma a inda mashigin Jibralta ya fi ƙunci, kilomita 14 kacal ke tsakanin Sifaniya da Maroko. In gari ya yi garau ana ganin fararen gidaje a ɗaya gefen, da dare kuma ana ganin fitilun motoci. Sunan garin ma daga can ya tsallako: Ɗarif bin Malik ne ya sauka a nan da 'yar ƙaramar runduna a shekara ta 710, shekara guda kafin Ɗariƙ bin Ziyad, wanda aka sa wa dutsen Jibralta sunansa, Jabal Ɗariƙ. Wannan ƙuncin da ya sauƙaƙa wa mayaƙa ƙetarewa shi ne yake tara tsuntsaye.

Dalilin yana cikin yadda manyan tsuntsaye ke tafiya. Shamuwa da ungulu da gaggafa da shirwa jikinsu ya yi nauyin da ba za su iya kaɗa fiffike na tsawon yini ba. In suka gwada, ƙarfinsu zai ƙare tun ba a je ko'ina ba. Abin da suke yi shi ne hawa iska. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke bisanta sai ta yi zafi ta miƙe sama kamar ginshiƙi, irin dai abin da ke tayar da guguwa a fili da rani, sai dai wannan ba a ganinta. Tsuntsun yakan shiga cikin ginshiƙin ya baza fukafukai ya yi ta jewa, iskar tana ɗaga shi har ya kai inda take ƙarewa, sannan ya sulalo a hankali ya nufi kudu har ya tarar da wani ginshiƙin. Duk wanda ya taɓa ganin ungulu tana jewa a saman mahauta da hantsi ya ga wannan dabara. Matsalar ita ce teku ba ya zafi kamar ƙasa, don haka irin wannan iska mai ɗagawa ba ta samuwa sosai a bisansa. Ga tsuntsun da ya dogara da ita, Bahar Rum rami ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa suke bin gaɓa suna neman inda ruwan ya fi ƙunci: Jibralta a yamma, mashigin Bosforus a Istanbul, da kuma Batumi a ƙasar Jojiya, inda duwatsu da Baƙin Teku ke matse su, har masu ƙirge ke lissafa sama da miliyan guda a kowace kaka. Akwai ma wata gaggafa mai cin macizai da ke sheƙa a tsakiyar Italiya, wadda maimakon ta bi ta Sisili ta faɗa Tunisiya kai tsaye, sai ta fara nufar arewa, ta zagaya ta Faransa da Sifaniya, ta zo nan ta tsallaka. Ta gwammace zagayen dubban kilomita a bisa ƙasa da ta yi caca da ranta a bisa ruwa.

To, in Lebante ta yi ƙarfi, ko waɗannan kilomita 14 ɗin ma sukan zama tarko. Iskar takan tura tsuntsun yamma, inda mashigin ke buɗewa ya zama Tekun Atlantika, gaɓar Maroko ta yi ta nisa. Wanda ya gaji ya taɓa ruwa, gashinsa ya jiƙe, ya gama yawo. Saboda haka sai su jira. Sukan taru a kwaruruka da dazuzzukan da ke bayan gaɓa, ana ƙaruwa kullum, kamar fasinjoji a tasha ranar da aka rufe hanya.

Wata dattijuwa ce ta yi masa wannan bayani a yini na biyu, da ta ga ya zauna yana kallon sama da ido tsirara. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, 'yar wani gari a arewacin ƙasar, kuma duk shekara takan zo ta yi makonni tana taya masu ƙirge aikin sa-kai. Ta miƙa masa wani tsohon madubi da aka ɗaure igiyarsa da zare. Shi kuwa tun da ya ji sana'arta bai ƙara kiranta da komai ba sai Malama, ita ma sunan ya yi mata daɗi. A hannunta na hagu akwai ɗan abin ƙirge na ƙarfe mai maɓalli, wanda ya tuna masa da carbin latsawa na kawunsa, a cinyarta kuma allon katako da takarda mai layuka: suna, adadi, lokaci, da inda aka nufa. Aikin ba na annashuwa ba ne kamar yadda ya zata. In garke ya taso ba a ƙirga shi ɗai-ɗai, sai a yanke goma da ido, a auna sauran da ita, goma-goma ko hamsin-hamsin. In garken ya shiga teku ya karaya ya dawo, dole a cire shi daga lissafi, don kada gobe a sake ƙirga shi. Masanin tsuntsaye Francisco Bernis ne ya fara tsara irin wannan ƙirge a mashigin cikin shekarun 1970, sannan tun daga 1997 ake yin sa kowace shekara a ƙarƙashin shirin Migres. Jimillar da ke fitowa dubban ɗaruruwa ce a kowace kaka. Amfaninta kuwa ba a lambar shekara ɗaya yake ba. Sai an jera na shekara ashirin ko talatin sannan a gane wane tsuntsu ke ƙaruwa, wane ke shirin ɓacewa, wane kuma ya sauya lokacin tafiyarsa.

Kowane iri da lokacinsa, in ji ta. Shirwa da farar shamuwa su ke buɗe hanya tun ƙarshen Yuli da cikin Agusta. Sai shahon nan mai tonon sheƙar rina ya ci 'ya'yanta, wanda ke zuwa a ƙarshen Agusta da farkon Satumba. Shi ake jira yanzu. Bayansa ƙananan gaggafa da farar ungulu da baƙar shamuwa, sannan a Oktoba da Nuwamba manyan ungulaye matasa, waɗanda su ne suka fi kowa tsoron ruwa, suka kuma fi kowa halaka a cikinsa.

"Ina suke zuwa, Malama?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Wajenku mana."

Maganar ba ta rabu da shi ba har dare. Ya san dai a kan ce tsuntsaye suna ƙaura, ya karanta a makaranta, amma bai taɓa haɗa wannan karatu da agwagwin ruwan da ke cika fadamarsu da hunturu ba, ko da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke sauka a gonar shinkafa bayan girbi, su ɓace kafin zafin bazara. A garinsu ba wanda ke tambayar inda suka tafi, kamar yadda ba a tambayar inda hazo ke tafiya. Shamuwa ce kaɗai aka san ta da tafiya, domin ita ke kawo albishir ɗin damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari ba mai jifanta. Ita kuwa tafiyarta cikin Afirka take, daga Sahel zuwa kudancin nahiyar, ba ta da alaƙa da Turai. Sauran baƙin, waɗanda ke zuwa in ruwa ya ɗauke su tafi in ya kusa dawowa, Hausa tana da sunan da ya dace da su tun tuni, ko da ba a taɓa kiransu da shi ba: 'yan ci-rani ne. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsayen da ke tsallake Sahara daga Turai a kowace kaka sun kai biliyan 2, mafi yawansu da dare, ba wanda ke ganinsu. Abin da ake ƙirgawa a Cazalla ɗan yanki ne kawai, na manya masu tafiyar rana.

Ko kiransu tsuntsayen Turai ma akwai ja a ciki. Shahon rina bai fi wata huɗu yake yi a inda yake ƙyanƙyasa ba. Ɗansa kuwa, wanda iyaye ke tafiya su bari ya biyo baya shi kaɗai bayan makonni, ba jagora ba mai nuna hanya, in Allah ya sa ya isa dazuzzukan Afirka ta Yamma ba ya komawa a shekarar da ta biyo. Zama yake yi har ya girma.

A yini na uku, da iska ta hana kowa aiki aka koma hira da cin burodi da cuku, sai ya ba Malama wani labari da bai taɓa ba kowa ba a ƙasar nan, domin bai ɗauke shi labari ba. Yana ɗan shekara tara ko goma, a cikin hunturu, ya harbo wani tsuntsu da danƙo a bakin fadama, mai launin ƙasa, mai dogon baki. Da ya ɗauko shi sai ya ga zobe a ƙafarsa, na farin ƙarfe, da rubutun boko da lambobi. Tsoro ya kama shi. Yara suka ce tsuntsun aljanu ne, wasu suka ce asiri aka yi aka sako. Mahaifinsa ya karɓi zoben ya kai wa liman, liman ya juya shi ya ce shi dai bai ga sunan Allah ko hatimi a jiki ba, a kai wa malamin firamare. Malamin ya karanta ya ce sunan wani gari ne a ƙasar Turawa. A nan maganar ta tsaya. An gasa tsuntsun an cinye, shi kuma an ja masa kunne a kan harbin abin da bai sani ba.

Ya zaci za ta yi dariya, ko kuwa ta ɓata rai a kan kisan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Cewa ta yi, "Lambar fa? Ka tuna lambar?"

Bai tuna ba. Sai ta bayyana masa abin da ya riƙe a hannunsa ran nan. Wani mutum, a wata ƙasa, ya tashi da sassafe ya kama tsuntsun da raga, ya auna fiffikensa da nauyinsa, ya sa masa zoben, ya rubuta lamba da rana da wuri a littafi, ya sake shi. Wannan layi na littafin a buɗe yake har yau, yana jiran wani ya aiko da rabinsa na biyu: inda aka tsinci tsuntsun da ranar da aka tsince shi. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan tsari a 1899, kuma kusan duk abin da aka sani game da hanyoyin tsuntsaye kafin zuwan na'urorin bin sawu ta tauraron ɗan'adam, daga irin waɗannan zobba aka tattaro shi. Daga Turai rahotanni suna zuwa da yawa. Daga kudancin Sahara kuwa, inda tsuntsayen ke yin rabin rayuwarsu, 'yan kaɗan ne ke isowa, shi ya sa kowane guda yake da daraja.

Ba ƙauyensu ne kaɗai ya taɓa ruɗewa a kan wannan al'amari ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Aristotal da kansa ya rubuta cewa wasu tsuntsaye ɓuya suke yi a ramuka da sanyi, wasu kuma rikiɗa suke su zama wani iri dabam. Har cikin ƙarni na 18 akwai manyan masana a Turai da suka yarda cewa tsattsewa tana nutsewa cikin taɓon tafki ta yi barci har bazara. Abin da ya taimaka wajen warware gardamar daga Afirka ya zo: a 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da mashin katako soke a wuyanta, irin na mutanen tsakiyar Afirka. Ta ɗauko shi ta tsallake hamada da teku da shi. Tana nan har yau a ajiye a jami'ar Rostock, da mashin a jikinta. Wani maharbi da ba a san sunansa ba ya aika wa Turai saƙo da kuskuren hannunsa, su kuma daga baya suka riƙa aiko da nasu a ƙafar tsuntsu, sai dai sau da yawa ba mai karanta shi.

Darasi na biyu ma daga Sahel ya zo. A bazarar 1969 masu ƙirge a Birtaniya suka tarar cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cika kowane shinge, fiye da kashi biyu cikin uku nasa bai dawo ba. Aka duba maganin ƙwari, aka duba yanayin gida, ba a ga dalili ba. Sai bayan 'yan shekaru aka gane cewa ƙarancin ruwan sama ne a kudancin Sahara, mafarin farin nan da ya kai ga yunwar 1973, wadda tsofaffi a ƙasar Hausa ba su manta ba. Tsuntsun kan yi ƙiba a Sahel kafin ya tsallake hamada. Da ciyayi da ƙwari suka ƙare, sai ya shiga tafiyar da yunwa ya mutu a hanya. Tun kafin jaridun Landan su san ana fari a Sahel, shingayen ƙauyukansu sun yi shiru.

A nan ne hirar ta zo kusa da abin da ya kawo shi karatu, ta kuma daina yi masa daɗi. Fadamarsu, wadda aka sa wani yankinta cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, ba ta cika kamar yadda take yi a zamanin kakansa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani gefen ya bushe wani ya nutse. Ya san wannan da lissafi, domin shi ne darasinsa. Ya kuma san cewa Kano na bukatar ruwan sha, kuma manomin Kadawa da ke noman rani da ruwan Tiga ba azzalumi ba ne. Malama ta nuna masa wani shimfiɗaɗɗen fili can arewa maso yamma, ta ce La Janda ke nan, a da ɗaya ne daga cikin manyan tafkunan Sifaniya, aka tsotse shi cikin shekarun 1960 aka mai da shi gonaki. Injiniyoyin da suka yi aikin irin karatunsa suka yi. Bai ba ta haƙuri a madadinsu ba, ita ma ba ta nema ba. Ya ce mata kawai mutumin da jan-baki ya cinye wa gona ba a yi masa wa'azin tsuntsu. Ta ce haka ne, amma ta nuna masa dogayen fankokin lantarki da suka jeru a kan tsaunuka. Sun kashe manyan ungulaye da yawa a shekarun farko. Daga 2008 aka sa masu gadi da madubi, in sun hango tsuntsu ya nufo wata fanka sai su sa a tsayar da ita na 'yan mintoci. Mutuwar ungulayen ta ragu da kusan rabi cikin shekaru biyu, wutar da aka yi asara kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ya rubuta shi a wayarsa. Lissafi ne irin wanda zai iya kai wa wani ofis a gida ba a yi masa dariya ba.

Maganar ungulu ta tsaya masa a rai ta wata fuskar. Sai a lokacin ya lura cewa rabonsa da ganin ungulu a mahautar garinsu ya fi shekara goma, alhali da yana yaro sai an kore su da sanda. Ba wanda ya ƙirga su, don haka ba wanda zai iya cewa ga shekarar da suka ƙare. A 2015 aka sa ungulun mahauta da babbar ungulun Sahel, wadda masana ke kira da sunan Rüppell, cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinsu a kasuwannin magani suna cikin manyan dalilai. Ita wannan ta Rüppell ɗin ita ce ta yi karo da jirgin sama a saman Abidjan a 1973 a tsayin mita 11,300. Abin mamaki, yayin da take ƙarewa a gida, tun shekarun 1990 ake ganin 'yan ƙalilan nata a nan Tarifa: sukan biyo ungulayen Sifaniya da suka yi ci-rani a Sahel, su tsallako tare da su.

Da asubar yini na huɗu ya farka ya ji shiru. Ya yi salla ya fito, tutocin bakin teku sun sunkuya.

Har ƙarfe tara ba abin da ya motsa, domin sai ƙasa ta ɗumama. Sannan wani ya ɗaga hannu ya nuna kwarin da ke bayansu. Da ido tsirara ɗigo-ɗigo ne kamar an watsa barkono a sama. Da ya ɗora madubi sai ya ga ginshiƙi ne na shahon rina, ɗaruruwa, suna jewa wani bisa wani, na sama suna ɓallewa suna miƙewa kudu a jere, na ƙasa suna shigowa. Kafin wannan ya ƙare wani ya tashi a gefensa, wani kuma a bayansa. Hira ta mutu. Ba ka jin komai sai ƙarar maɓallan ƙirge da muryoyi ƙasa-ƙasa suna kiran lamba. Wasu tsuntsayen suka biyo ta saman tudun ƙasa-ƙasa har ana ganin rawayar idonsu da zanen ƙirjinsu, ba biyu masu kama ɗaya, wani fari tas, wani baƙi kamar an tsoma shi a shuni. Farar ungulu ta wuce ita da ɗanta mai duhun gashi. Wajen sha ɗaya da rabi garken farar shamuwa, na makara, ya taso ya yi ta tattara tsayi a daidai bakin gaɓa, ya shiga teku, ya kai wajen sulusin hanya, sai na gaba ya karkata, duk garken ya juyo. Malama ta ja tsaki ta soke lambar. Sau uku suna haka. A na huɗu ba su juyo ba, ya bi su da madubi har suka zama zare, har zaren ya narke a jikin Dutsen Musa. Sai ya ji wuyansa ya ƙage, ya kuma tarar ya daɗe yana cewa "Allah ya kai ku lafiya" a fili, da Hausa.

A ƙasan tudun, dama da gari, ana hango doguwar gaɓar Los Lances, cike da masu wasan lilo da iska a kan ruwa. A wannan yashi ne ranar 1 ga Nuwamba 1988 teku ya turo gawar wani saurayi ɗan Maroko, ta farko da aka rubuta cikin waɗanda suka nutse suna neman shiga Sifaniya da kwalekwale. Dubbai sun biyo bayansa. Ba Malama ce ta gaya masa wannan ba, ya riga ya sani, kamar yadda duk baƙin mutum da ke zaune a Andalus ya sani. Akwai yara biyu daga ƙaramar hukumarsu da suka bi ta Agadas shekarun baya, ɗaya yana Italiya, ɗayan ba a sake jin labarinsa ba. Ya taɓa aljihun da katin zamansa yake, kamar yadda ya saba yi ba tare da tunani ba, ya mai da madubin sama.

Da la'asar, da wucewar ta yi sauƙi, ya koma gefe ya kira gida. Sai a bugu na uku ta shiga.

"Baba, barka da yamma. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, alhamdu lillahi. Kana ina nake jin iska haka?"

Ya gaya masa yana bakin teku, yana kallon tsuntsayen da za su zo musu da hunturu. Tsohon ya yi shiru, sannan ya tambaya ko karatun ne ya kai shi ko kuwa zaman banza. Ya ce shamuwarsu dai tana nan a kan tsamiya ba ta tashi ba tukuna, 'ya'yan sun yi fiffike.

"Baba, ka tuna tsuntsun nan da na harbo ina yaro, mai zobe a ƙafa?"

"Wanda aka kai wa liman? Na tuna. Me ya tuno maka da shi?"

"Ina zoben ya shiga?"

Ya ji mahaifinsa ya ɗaga murya yana tambaya a cikin gida, ya ji muryar mahaifiyarsa daga nesa tana amsawa, da kukan akuya a tsakani. Tsohon ya dawo kan waya yana 'yar dariya. Ya ce ai ba ta yar da shi ba. Ta ce abin da ya zo daga nesa haka ba a yar da shi, yana cikin kwallarta tare da tsofaffin kwabbai, in dai ɓera bai ja ba.

"Don Allah Baba, a ce wa Auta ta duba. In ta gani ta wanke shi, ta ɗauki hotonsa ta kowane gefe yadda lambar za ta fito, ta turo mini."

"To. Sai dai gobe, in ta je kasuwa. Nan sabis ba ya ɗaukar hoto."

Ya koma wurin Malama ya tambaye ta ko ana karɓar rahoton zoben da ya yi shekara ashirin da wani abu a cikin kwalla. Ta ce ana karɓa, in dai lambar ta fito, kuma za su so ya faɗi watan da sunan ƙauyen. Ta yage gefen takardarta ta rubuta masa adireshin intanet ɗin da ake aikawa. Sannan ta miƙa masa abin ƙirgen, ta nuna masa wasu shirwa da suka taso daga yamma, ta ce hannunta ya gaji. Ya ƙirga 41. Ta duba da madubinta ta ce 44 ne, uku suna ƙasa da layin tsauni, ta rubuta nata.